Kwalbar Jinin da Ƙanena Ya Ƙi Karɓa

Ƙarfe shida da rabi na safe yake isa asibiti, tun masu shara ba su gama goge baranda ba. Ba ya gaida kowa sai ya fara gaida firiza. A ƙarshen barandar ɗakin gwaje-gwaje akwai wani ɗaki marar taga, inda manyan firiza uku suke tsaye suna gurnani dare da rana. Can yake nufa kai tsaye. Zai duba lambar sanyin da ke goshin kowacce, ya rubuta ta a takardar da ke manne a ƙofa, ya ɗora tafin hannunsa a jikin ƙarfen ya yi shiru yana saurare. Sai ya gamsu sannan ya juyo ya ce wa mutane ina kwana. Daga nan ya sa farar rigarsa, ya cika kula da ƙanƙara, ya jera ƙananan kwalabe masu murfi launin shuni, ya cire agogon hannunsa ya ajiye shi a kan tebur yana fuskantarsa. Mai ba da jini na farko yana zama, idonsa ɗaya yana kan jijiya, ɗayan yana kan agogo.

Shekara talatin da biyar ke nan yana ɗibar jini a wannan asibiti, kuma a ƙarshen watan nan zai yi ritaya. Abokan aikinsa suna kiransa Mai Agogo. Matata tana kiransa Sauro. Ni kuwa ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, na girme shi da shekara tara, kuma ya wajaba in faɗa tun da wuri cewa mai wannan jinjina ya fi kowa jin haushin wanda yake yi wa ita. Na faɗi haka ne don mai karatu ya san cewa yabon da zai biyo baya ba na son kai ba ne. Da akwai hanyar da zan rage shi, da na rage.

Mahaifinmu tela ne, yana da keken ɗinki ɗaya da 'ya'ya maza biyu. Ya zaunar da ni a kan keken, ya kai ƙanena makaranta. Ni na ɗinka masa kayan makarantarsa na farko, kuma na ƙuntata wandon da gangan; ya yi shekara guda yana tafiya kamar an ɗaure masa cinyoyi, bai taɓa kai ƙarata ba. Wannan rashin kai ƙarar ma ya ƙara mini haushi. Idan wasiƙa ta zo gida, shi ake jira. Idan mahaifiyarmu ta yi baƙi, rigar da ke jikinta ɗinkina ce, amma zancen da ke bakinta na autanta ne mai aikin asibiti. Sai da na kai shekara hamsin da shida na shiga ajin manya na yamma na koyi haruffa, kuma ba zan ɓoye ba, rabin abin da ya kai ni shi ne in daina miƙa masa takarda.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, wata babbar likita ta fara wani bincike a asibitin. Tana so ta gano ko jinin mutum zai iya nuna ciwon daji tun kafin ƙari ya girma har hannu ya taɓa shi ko hoto ya kama shi. Ƙanena ta zaɓa ya riƙa ɗibar jinin da adana shi. Ranar da ya zo shagona da labarin, na ce masa ban ga yadda ƙarin da ke cikin nono ko hanta zai bayyana a jinin hannu ba. Ya sunkuya ya tattaro ƙyallaye da guntayen zaren da suka zuba a ƙarƙashin kekena.

“Yaya, in na share shagonka da yamma, ko ban ga abin da ka ɗinka ba, wannan sharar za ta gaya mini. Ga farin yadi, ga zaren ado, yau babbar riga ka yi.”

“Wannan ko makaho ya sani,” na ce.

“To, jiki ma yana da irin wannan shara. Kowace ƙwayar halitta tana saƙa wasu siraran zarurruka, masana suna kiransu RNA. Wasu suna ɗauke da umarnin abin da jiki zai gina. Wasu kuma dogaye ne, ba sa ɗauke da irin wannan umarni, har aka daɗe ana zaton tarkace ne kawai. Ƙwayar da ta kamu da ciwon daji tana zubar da irin nata dogayen a cikin jini. Su ne likita take farauta.”

Na gane bayanin sarai, kuma na ji zafi da ya zama da sharar shagona ya koya mini.

Wahalar aikin, kamar yadda ya bayyana, ita ce wannan zare ba shi da ƙarko. Zafi yana cinye shi, jinkiri yana cinye shi. Idan kuma aka matsa hannu da ƙarfi ko aka girgiza kwalba, jajayen ƙwayoyin jini sukan fashe su zubar da nasu zaren, su gauraye da wanda ake nema. Saboda haka aka kafa ƙa'ida: daga fitar jini daga jijiya zuwa shigarsa firiza kada a wuce awa biyu. A cikin awa biyun nan sai an sa shi a ƙanƙara, an juya shi a injin da ke raba jini har ruwansa mai launin rawaya ya taso sama, an tsotse ruwan an rarraba a ƙananan kwalabe. Ƙa'idar ta likita ce, amma wanda ya mai da ita ibada shi ne ƙanena. A jikin kowace kwalba yana rubuta lokaci biyu, na fita da na shiga. Kuma duk wadda ya ɗaga a haske ya ga ruwanta ya yi ja-ja, zubarwa yake, ya koma ya ba mai jinin haƙuri ya sake ɗiba.

Wata mai shara da ta shekara ashirin a wannan baranda ta ba ni labarin ranar da aka ɗauke wuta da tsakar rana, janareta kuma ya ƙi tashi. Ta ce ƙanena ya jawo kujera ya zauna a bakin ɗakin firiza, ya jingina bayansa da ƙofa, domin firizar da ba a buɗe ba takan riƙe sanyinta na wasu awoyi. A ranar kuwa shugaban asibiti ya zo da manyan baƙi yana so ya nuna musu tarin jinin da ake alfahari da shi. Ƙanena ya miƙe ya gaishe su da ladabi, ya ce a yi haƙuri, yau ba a buɗewa. Shugaba ya ce minti ɗaya ne. Ƙanena ya ce jinin mutum ɗari bakwai ne a ciki, kuma ba su ba da shi don kallo ba. Awa shida ya yi a kan kujerar. Da wuta ta dawo, ya duba yawan sanyin da ya ragu ya rubuta shi yadda yake, ya kai wa likita, alhali da ya yi shiru babu mai sani. Mai sharar ta ce da idonta ta gan shi yana rubutawa.

An buga sakamakon binciken sau uku a manyan mujallun likitoci. Ya nuna mini na farko, sunaye goma sha biyu a jere a saman takarda, babu nasa. Na ce masa kai, ba su kyauta ba. A zuciyata kuwa wani sanyi na ji. Ina neman gafarar Allah a kan wannan sanyin.

Shekara bakwai da suka wuce aka sami ciwon daji a nonon matata na hagu. Aka yi mata aiki, aka yi ta ƙara mata ruwan magani mai ƙarfi har gashinta ya zube, jijiyoyin hannunta suka ƙone suka ɓuya. Da ta farfaɗo, likita ta roƙe ta ta shiga binciken, ta riƙa ba da jini duk wata uku, don a ga ko zai nuna alama idan ciwon ya yi niyyar dawowa. Ta yarda. Matsalar ita ce babu mai samun jijiyarta. Wata nas ta soke ta sau biyar a zama ɗaya ba ta samu ba. Ƙanena ya zo ya sa hannunta a ruwan ɗumi, ya yi ta shafa bayan hannun da yatsa biyu idonsa a rufe, ya soka sau ɗaya, jini ya taho.

Tun daga ranar ta ce ba mai taɓa ta sai shi. Duk wata uku nakan raka ta in zauna a benci ina jinsu.

“Sauro, yau ma ka zo shan jinina? Yayanka ya sha, kai ma ka sha, me kuka rage mini?”

“Matar Yaya, ai naki ne mai daɗi. Na gidanmu duk ɗaci gare shi, ki tambayi mijinki.”

“Ka soka a hankali, ko in sa a ƙara ƙuntata maka wando.”

Su yi ta dariya. Matar da idan fil ya taɓa ta wajen gwajin riga sai unguwa ta ji, ga ta tana dariya allura a hannunta. A hanyar komawa gida ba ta da zance sai hannun Sauro, sauƙin hannun Sauro, haƙurin Sauro. Ni da na yi wata takwas ina wanke mata jiki ina juya ta a gado, ban taɓa jin an ambaci nawa hannun ba.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Shekara biyu da suka wuce, ranar ba da jininta ta zo daidai da ciwon gwiwa da ya hana ta taka ƙasa. Sai dabara ta zo mini. Muna da maƙwabciya nas. Na roƙe ta ta zo gida ta ɗiba, ni in kai. Na faɗa wa kaina cewa tausayin matata ne. Gaskiyar ita ce ina so sau ɗaya jininta ya isa asibiti ba ta hannunsa ba, ta hannuna. Maƙwabciyar ta sha wahala, ta matsa, ta soka sau uku, ta dai samu. Ta ce in yi sauri, ta wuce wurin aikinta. Na zauna na rubuta sunan matata da lambarta da kwanan wata a jikin kwalbar, harafi bayan harafi, rubutun da ban taɓa yin mai kyansa ba.

Sannan na yi tunani irin na tela. Na ce jini a jikin mutum da ɗuminsa yake zaune, in ya huce ai ya mutu. Na ga ƙanena yana sa kwalabe a ƙanƙara ba sau ɗaya ba, na kuma ji bayaninsa, amma na ɗauka wannan sai an isa asibiti. A hanya kuwa, a ganina, a riƙe shi da rai ya fi. Na naɗe kwalbar a ƙyallen ulu, na sa ta a aljihun 'yar cikina, daidai ƙirjina, na ɗora riga a kai. Na biya shago na ba wani mutum ɗinkinsa, ya ce hannun rigar ya yi tsawo, na zauna na rage. Motar haya ta yi ta tsaye-tsaye. Na isa wajen ƙarfe goma sha biyu, jinin kuwa tun takwas aka ɗebe shi.

Barandar cike take da masu jiran layi. Na ciro kwalbar na miƙa masa ina murmushi. Ya karɓa, sai na ga fuskarsa ta sauya tun bai duba rubutun ba.

“Yaya, ƙarfe nawa aka ɗebi wannan?”

“Yanzun nan,” na ce.

Ya rufe kwalbar a tafin hannunsa, ya dube ni. “Da ɗuminta fa.”

“Ai ni na riƙe mata ɗumin. A ƙirjina na taho da ita.”

Wani daga cikin masu jira ya yi dariya. Ƙanena bai yi ba. Ya ja ni gefe, ya rage murya.

“Yaya, ba zan iya karɓa ba. Ka yi haƙuri. Gobe ka kawo ta in ɗiba da kaina.”

“Sau uku aka soke ta kafin a sami wannan. Ka rubuta ƙarfe goma sha ɗaya ka sa a firizarka. Wa zai sani?”

“Jinin zai sani. In na rubuta ƙarya a jikinsa, ƙarya zai faɗa wa likita, kuma a kan matarka zai faɗe ta.”

Ban ji wannan magana ba a lokacin. Abin da na ji shi ne ɗan boko ya mayar wa tela da aikinsa a gaban jama'a. Na ɗaga murya, na ce don rubutuna ne a jiki ya ƙi karɓa, na ce tun muna yara yake jira ya ga ranar da zan riƙe alƙalami ya kunyata ni. Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba. Na bar shi tsaye da kwalbar a hannu. Na koma gida na ce wa matata daga yau ta fita daga wannan bincike, ƙafarta ba za ta sake taka barandar nan ba. Ta dube ni ta ce, “To, Malam.” Ban taɓa jin “to” mai nauyin wannan ba.

Mako biyar aka yi haka. Ya kira wayata ban ɗauka ba. Ya zo shago na ce ina da aiki. Lokacin ba da jininta yana ta wucewa, ina sane, ina kuma ganin yadda take shafa gefen ƙirjinta idan ta zaci ba na kallo.

Wata safiyar Asabar, ranar hutunsa, ina tsakar gida ina shirin fita, sai ga sallamarsa. Yana tsaye a bakin ƙofa da kularsa a hannu, bai shigo ba.

“Yaya, gidanka ne. In ka ce in koma, zan koma. Amma ka faɗa tana ji.”

Kafin in buɗe baki, matata ta fito daga ɗaki tana ɗingishi, ta riga ta naɗe hannun rigarta.

“Malam, ka hana ni zuwa asibiti, ban je ba. Ban dai ji ka hana asibiti zuwa ba. Sauro, shigo, ka tsaya a nan kamar mai tallan ƙanƙara.”

Na matsa gefe. Ya shigo ya durƙusa a gabanta, ya nemi ruwan ɗumi, ya ɗaure hannun da roba, ya rufe ido yana laluben jijiya. Sai ya cire agogonsa ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

“Riƙe mini, Yaya. Da ka ga jini ya shigo kwalba, ka duba lokaci. Kai za ka rubuta. Rubutunka ya fi nawa fita, wancan karon lokaci kawai ka bari.”

Na karɓa. Ƙarfe takwas da minti goma sha huɗu jinin ya taho, haka na rubuta. Ya nutsa kwalbar a ƙanƙara, ya rufe kula, ya miƙe. Matata ta ce ya tsaya ya sha ko ruwa ne. Ya ce jininta ya fi shi gaggawa, ya fita da sauri kamar an biyo shi. Na tsaya a tsakar gida ina jin kunya, ina kuma jin wani sabon haushi, domin ko a wajen sulhu ya riga ni.

Bayan mako uku likita ta aiko a zo da matata. Ta nuna mana takarda mai ɗigo-ɗigo a jere, kowane ɗigo kwalba ɗaya ce daga cikin waɗanda aka ɗiba tun farkon shigarta binciken. Ɗigo goma sha tara suna kwance a layi ɗaya. Na ashirin ya ɗaga kai sama.

“Baba, ina so ku fahimce ni,” in ji likitar. “Wannan gwaji bai isa ya yanke hukunci ba, har yanzu gwada shi muke yi. Yana iya tashi babu komai. Amma duk kwalaben nan hannu ɗaya ya ɗebe su, hanya ɗaya aka bi da su, lokacin kowacce yana rubuce. Ba ni da hujjar ɗora laifin a kan kwalba. Hoton da za a yi mata nan da wata huɗu, gara a yi shi makon nan.”

Aka yi hoton. Aka sami ƙari a ƙarƙashin hammatarta, kusa da tabon aikin farko, bai kai ƙwayar wake ba. Ko hannun likita bai ji shi ba. Aka cire shi, aka bi da magani na 'yan watanni, wannan karon ko gashinta bai zube ba. Tana nan da ranta, yanzu haka ina jin muryarta tana yi wa jikokinmu faɗa.

Ranar da aka sallame ta na tsaya bayan kowa ya fita, na tambayi likita abin da ke cina. Na ce da ƙanena ya karɓi kwalbata ya rubuta mata lokacin ƙarya, me zai faru?

Ta ce, “Da ban san abin da nake karantawa ba, kuma da ban san cewa ban sani ba. Zafi yana iya cinye alamar, in ga ɗigo a kwance in ce lafiya, mu jira wata huɗu. Irin wannan ƙari kuwa ba ya jira.”

Kai nake wa magana yanzu, ƙanena. Kai ne wanda ya zaɓi zagin yayansa a gaban jama'a a kan ya rubuta ƙarfe goma sha ɗaya a inda takwas take. Lamba biyu ce kawai, babu mai dubawa, da ka rubuta da mun rabu muna dariya, da yanzu wataƙila ni kaɗai nake kwana a ɗakin nan. Kai ne mai tsaron amanar da masu ita ba su san an ba ka ba. Mutum ɗari bakwai sun miƙa maka hannu sun tafi gidajensu, ba su san cewa akwai wanda yake sauraren numfashin firiza kowace safiya saboda su ba. Sunanka bai hau takardar masana ba, amma babu layi ɗaya a cikinta da ba a kan gaskiyar rubutunka yake tsaye ba.

Kada ka zaci na warke. Har gobe idan matata ta ce hannun Sauro, sai kishi ya taso mini. Ina kishin makarantar da aka kai ka. Ina kishin natsuwarka, wadda na shekara sittin ina tsokana ban ga ƙarshenta ba. Fiye da duka, ina kishin cewa ranar da ran matata yake a hannun ɗayanmu, naka hannun ne ya riƙe, nawa kuwa ɗumama kwalba ya yi. Da na so a ce ni ne. Ba ni ba ne, kuma ya kamata a sani.

Ga abin da ya rage. Ranar tara ga watan gobe ce ranar ba da jininta, kuma a ranar ba ka nan. Wadda za ta gaje ka abokiyar aikinka ce, uwar manyan 'ya'ya, wadda kuka shekara goma sha biyu a tebur ɗaya. Na je na zauna a benci na kalli aikinta sau biyu. Tana ɗaga kwalba a haske yadda kake yi, kuma na ga ta zubar da guda ta koma ta ba da haƙuri. Amma matata ta rantse ba za ta miƙa mata hannu ba.

“In Sauro ya tafi, na gama. Wa zai sami jijiyar nan? Su bar ni haka.”

“Za ki je,” na ce.

“Au, yau kuma kai ne mai cewa in je? Wa ya hana ni da?”

“Ni ne. Shi ya sa ni zan kai ki. In ta soka ba ta samu ba, ta sake. In ta ce jinin ya yi ja, ta zubar, ki miƙa ɗaya hannun. Ina zaune a gefenki, ba zan ce komai ba.”

Ta dube ni ta ce, “Ashe a gidanku hankali daga ƙarami yake hawowa sama.” Ba ta ce za ta je ba, amma jiya na ga ta ciro katinta na asibiti ta ajiye a kan tebur.

Na gode, ƙanena. Na gode da ƙin da ka yi mini, ya fi duk wata kyauta da aka taɓa ba ni. Allah ya ba ka hutu mai albarka, ya sa 'ya'yanka su yi maka abin da ka yi wa iyayen mutane. Ku kuma masu ɗibar jini da masu tsaron firiza a duk inda kuke, waɗanda ba a kiran sunanku ranar taro, ku yi koyi da shi. Wata rana wani dattijo zai zo muku da kwalba mai ɗumi, yana fushi, yana roƙo, wataƙila ma jininku ne, ya ce ku rubuta abin da bai faru ba. Ku ƙi. Zai zage ku, zai yi mako biyar ba ya gaishe ku. Ku bar shi ya yi, matarsa dai ta rayu.